Mun Ari Rigar Jami'a, Mun Baro Gurasarta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a wuya tun watan jiya. Ni tsohon malamin Larabci ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli a makarantun sakandare kafin in ajiye aiki in dawo gida Gwandu. Ban saba rubuta wa jarida ba, don haka idan na yi tsawo a yi mini uzurin tsufa.

Jikata ce ta samu shiga wata jami'a, ba zan kama sunanta ba domin abin da zan faɗa ba laifin wuri guda ba ne. Aka gayyace mu bikin rantsar da sababbin ɗalibai. Na sa babbar rigata na tafi. Rana ta take, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse, ga yara ɗaruruwa cikin dogayen riguna masu kauri da wata hula mai faifai a kai da tuntu yana reto. Masu hoto sun fi kowa ciniki. Na tambayi yarinyar ko rigar tata ce, ta ce haya ce, da la'asar za a mayar. Aka yi jawabai, aka yi rantsuwa, aka watse. Ban ga aibin wannan ba, ni ma na tsaya an ɗauke mu hoto, yana nan rataye a ɗakin kakarta.

Abin da ya dame ni sai da muka raka ta masauki. Su shida ne a ɗaki. Ina zaune bakin ƙofa ina jiran direba sai na ji wata ƙawarta, wadda ta riga ta shiga da shekara guda, tana gaya mata cikin raha cewa ta shirya koyon "sifili, ɗaya, sifili". Na zaci wani darasin lissafi ne. Da na tambaya sai suka fashe da dariya, suka ce ai ma'anarsa ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka nan. Wasu kuma nasu "sifili, sifili, ɗaya" ne. Wannan ƙawar ta buɗe mini jakar abincinta da kanta: garin kwaki, ɗan sukari a ƙulli, ƙuli-ƙuli, sai rabin kwalbar manja. Ubanta manomi ne a wajen Zuru, ta ce sai ƙarshen wata ake aiko mata da abin da ya samu. Yarinyar nan ilimin haɗa magunguna take karantawa.

Tun a mota nake tunanin wani wuri da na zauna ina saurayi, wato Azhar ta birnin Alƙahira, inda na yi karatu daga 1984 zuwa 1989, zamanin da Shaihi Jadul Haƙ yake Shaihul Azhar. Mutanenmu sun san sunan, sun san jar hula da farin rawani na Azharawa, amma kaɗan ne suka san yadda aka riƙe wurin har ya haura shekara dubu.

An aza tubalin masallacin a 970, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a watan azumin 972, zamanin Faɗimiyawa. Daular da ta gina shi ta faɗi a hannun Salahuddin a 1171, har aka yi kusan shekara ɗari ba a yin Juma'a a ciki sai da Sarki Baibars ya dawo da ita. Mamalik sun zo sun wuce, Turkawa sun zo sun wuce, sojojin Faransa sun shiga harabarsa da dawakai a 1798. Duk wannan bai kashe karatun ba. Idan ka tambaye ni dalili, zan ce ginshiƙi da gurasa.

Ginshiƙin shi ne na dutse, irin waɗanda ke riƙe da rufin masallacin. A da kowane babban malami yana da nasa, a nan yake jingina bayansa, ɗalibai su kewaye shi a ƙasa, shi ya sa ake ce masa shaihin ginshiƙi. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya warware, a yi tambaya, a yi gardama. Ba takardar ɗaukar aiki ke zaunar da mutum a wurin ba. Wanda ya ga ya isa sai ya zauna ya fara karantarwa, manyan ɗalibai da malamai su zo su yi masa ruwan tambayoyi. In ya tsaya da ƙafarsa, da'irarsa ta cika. In ya yi ta inda-inda, a watse a bar shi da ginshiƙinsa. Sai a 1872 aka kafa jarrabawar da ake kira Alimiyya. Wanda ya sauke littafi kuwa malaminsa ne ke ba shi ijaza, ya rubuta cewa wane ya karanta littafi kaza a wurina, ni kuma na karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a tuƙe ga mawallafi. Har yau takardar digirin farko da Azhar ke bayarwa sunanta Ijazatul Aliya, tawa tana nan cikin adaka.

Duk wanda ya tashi a Gwandu ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Haka na tarar da mahaifina yana yi a zaurenmu, ya zauna kan buzu ya jingina da bango, magidanta su zo bayan asuba kowa da littafinsa a gafaka, mai Ahalari da mai Iziyya da mai Risala da mai Muhtasar, kowa ya jira layinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne, tun daga yayansa Shehu Usmanu har Malam Jibrila ɗan Umaru. Da na isa Masar na ji cewa wanda ake ƙirgawa a matsayin Shaihul Azhar na farko shi ne Shaihi Kharashi, sai na yi murmushi, domin sharhinsa na Muhtasar yana cikin tarin littattafan mahaifina, ganyensa har ya yi ja. Masallacin Shaihi Dardir kuwa, wanda malamanmu ke ambato kullum a fiƙihun Malikiyya, yana wani lungu kusa da Azhar, da ƙafa ake zuwa. Ranar da na fara shiga na yi sallah a ciki sai na ji kamar na zo gaishe da wani kakana.

Amma a kan gurasar nake son in daɗe, domin ita ce muka manta.

A jikin masallacin akwai sassa da ake kira ruwaƙai. Kowane ruwaƙi masaukin ɗaliban wata ƙasa ne ko wani yanki: na Magaribawa, na mutanen Sham, na Turkawa, na mutanen Jawa, na Sa'idawan kudancin Masar, da zawiyar makafi. Mu ma ba a bar mu a baya ba, akwai ruwaƙin Barnawa, akwai na Dakarna, wato mutanen ƙasashen Takruru. Tun ma kafin haka, a ƙarni na 13, sarakunan Kanem sun kashe dukiyarsu a kan wata makaranta a Masar, Madrasatu Ibn Rashiƙ, don mutanensu su samu wurin sauka da karatu. Wani Bakatsine, Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Shaihi Hasan Aljabarti. Kowane ruwaƙi yana da shaihinsa da naƙibinsa mai kula da lamuran ɗalibai da littattafansa da rajistar sunayen mazauna. Wanda sunansa ke cikin rajista yana da rabon gurasa da ake kira jiraya. Ba baitulmali kaɗai ke biya ba. Sarakuna, fatake, matan manyan gidaje, su ne suka riƙa tsayar da gonaki da shaguna da gidajen haya a matsayin waƙafi, a rubuta cewa abin da wannan gona ta fitar na gurasar ɗaliban ruwaƙi kaza ne har abada. Mai gonar ya mutu, jikokinsa su mutu, sarautar ƙasar ta sauya hannu, gurasa na nan tana fitowa daga tanda. Ɗaliban ma ba ɗalibai ake ce musu ba, mujawirai ake ce musu, wato maƙwabtan masallaci, kuma kowa ya san haƙƙin maƙwabci. Hatta babbar ƙofar shiga sunanta Ƙofar Wanzamai, don a nan ake yi musu aski.

Lokacin da muka je, zamani ya riga ya sauya. Dokar 1961 ta mai da Azhar jami'a irin ta yau, da tsangayar likitanci da ta injiniya da ta noma, mata ma suka samu nasu tsangayoyi. Ba a kwana a ruwaƙai kuma, mu baƙi an sauke mu a wata unguwa ta musamman da ake kira Madinatul Bu'us a yankin Abbasiyya. Amma ruhin jiraya bai mutu ba. Ana ba mu ɗaki, ana ba mu abinci, ana ba mu ɗan abin sawa a aljihu duk wata. Ba abincin sarakuna ba ne. Wake ne da suke kira ful, da adas, da shinkafa, da gurasar nan tasu mai faɗi wadda suke kira aish, kalmar da ke nufin rayuwa. Mun yi ƙorafi kamar yadda duk ɗalibi ke yi, mun yi kewar tuwon shinkafa da miyar kuka, amma ban taɓa shiga aji da yunwa ba.

A ɗakinmu akwai ɗan Indunusiya, da ɗan Senigal, da wani daga kudancin Tailan. Larabci kaɗai ya haɗa mu, shi ma kowa da irin karkacewar harshensa. Ranar Juma'a bayan an sauko, kowace ƙasa sai ta ɗora tukunyarta. Mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar mukan tuƙa tuwon garin alkama, mu kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa da wani ya zo da ita daga hutu, ana rabonta da cokali kamar zinariya. Ranar da na gano cewa mulukiyar da Misirawa ke alfahari da ita lalo ce, tungurnuwarmu ta bayan gida, kuma karkade ɗin da suke sayarwa a kofi soɓorodo ne, dariya na yi har da hawaye. Da azumi kuwa ba wanda ke dafa komai. Ana buga igwa a sha ruwa, tituna su cika da dogayen tebura da masu hali ke shimfiɗawa, suna ce musu Ma'idatur Rahman, a kama hannunka a zaunar da kai ko ba a san ka ba.

Akwai wani dattijo makaho da ke karantar da nahawu bayan sallar asuba a wani ƙaramin masallaci a lungunan bayan Azhar. Ba ya cikin jadawalin jami'a, ba a ba da maki a wurinsa, ba ya karɓar ko sisi. Mu kusan goma sha biyar ne ke zuwa. Da murya yake gane kowa. Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Masar mai shiga ƙashi, na ja baiti na kasa yi masa i'irabi, na sake na sake kasawa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Ya Takruri, ka karya kumallo?" Na ce a'a, ya Maulana, na yi sammako ne. Ya laluba aljihun jubbarsa ya ba wani yaro kuɗi, aka sayo ful da gurasa mai zafi, ya rufe littafi ya ce ba mai ƙara jan baƙi sai kowa ya ci. Da muka gama ya ce in sake. Na yi daidai. Bai ce komai ba, ya dai ce na gaba ya ja. Allah Ya jiƙansa. Na yi jarrabawoyi da yawa a Azhar, na baka da na rubutu, na samu jayyid na samu jayyid jiddan, sau ɗaya ma da ƙyar na tsira da maƙbul, amma wannan safiyar ce na fi tunawa. Shekarun da na yi ina koyarwa, duk yaron da na ga yana gyangyaɗi a darasin farko, kafin in ɗaga murya sai na tambaye shi abin da ya ci.

Kada wani ya ce wannan al'adar Larabawa ce. Ita kanta rigar da jikata ta yi haya, asalinta tufafin malaman coci ne na Turai a zamanin da, a ƙasar sanyi da ɗakuna na dutse. Wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya ba ni labarin cewa tsofaffin kwalejojin Okusfod, irin su Baliyol da Merton da aka kafa a shekarun 1260, da kyautar masu hali suka fara, an tsayar da dukiya don a ba ɗalibai wurin kwana da abinci. Har yau suna da al'adar malamai da ɗalibai su zauna zaure ɗaya su ci abincin dare, sanye da wannan rigar. Ka ga ashe su ma rigar tare take tafiya da akushi. Mu muka ɗauko rigar muka baro akushin.

Kuma ba haka muka fara ba. Waɗanda suka yi jami'a a ƙasar nan a shekarun 1970 sun san zamanin tikitin cin abinci, da kaza ranar Lahadi. Rikicin ɗalibai na 1978, wanda ake yi wa laƙabi da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, kan ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini ya tashi, har aka rasa rayuka. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwa, kowa ya koma ga risho da tukunyarsa. Kuskuren shi ne tun farko akushin a hannun gwamnati kaɗai yake, da ta gaji ta ajiye babu mai ɗauka. A tsarinmu na gargajiya ba haka ba ne. Almajirin da ya zo Gwandu neman ilimi a zamanin iyayenmu yana da gidan da ake ajiye masa kwanonsa, uwar ɗakinsa ta san sunansa da garinsu, in bai zo ba ta aika a duba lafiya. Mahaifiyata ta riƙe irin waɗannan har huɗu a lokaci guda, ɗaya daga cikinsu ya zama alƙali. Na san abin da almajirci ya koma yanzu, ba shi nake karewa ba, wannan zance ne na wata rana.

To ga roƙona, kuma ga masu hali na Kebbi nake yi, ba ga gwamnati ba. Allah Ya ba mu fadama. Daga Argungu zuwa Suru, daga Jega zuwa Bagudo da Yawuri, shinkafa ake nomawa damina da rani. Aliero na fitar da albasa har ƙasashen waje, Yawuri na da kifi. A cikin jihar nan muna da jami'a a Aliero, muna da ta tarayya a Birnin Kebbi da ta noma a Zuru, ga kwalejoji a Argungu da sauran wurare. Na zauna na yi lissafi irin na gida. Kwanon shinkafa ɗaya yana ciyar da mutum takwas a gidana. Buhu yana da kwano arba'in. Ɗalibi ɗari, ci ɗaya a yini, buhu zai kai su kwana uku da ɗan ɗori. Wata takwas na karatu bai wuce buhu saba'in da biyar ba. Na san manoma a ƙasar nan da mutum ɗaya ke ɗaga fiye da haka a kaka guda, na kuma san abin da ake kashewa a bikin aure ɗaya na 'ya'yan manya, tun daga kamu har zuwa walima.

Sai dai ba buhun nake roƙo ba, gonar nake roƙo. Buhu sadaka ce ta shekara guda, in mai bayarwa ya mutu ko ya faɗi zaɓe ta tsaya. Waƙafi shi ne a yanki fadama, ko shago biyu a kasuwa, ko gidan haya, a rubuta a gaban alƙali da shaidu cewa ba a sayarwa, ba a gado, amfaninsa na abincin ɗalibai ne. Malamanmu sun san babinsa, yana nan cikin littattafan da suke karantarwa kullum, sai dai mun taƙaita shi ga gina masallaci da haƙa rijiya. A unguwarmu masallatai uku ne ke kallon juna, sahu biyu ba ya cika a kowanne. Maƙwabtanmu Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, ana iya zuwa a ga yadda suke rubuta nasu.

Na san abin da za a ce: wa zai riƙe amana? Tambaya ce mai kyau, ni ma na ga yadda kayan marayu ke narkewa a hannun masu kula. Amsar da na gani a tsarin ruwaƙi ita ce kada a tara komai a tukunya ɗaya. Mutanen Zuru su tsayar da nasu don 'ya'yansu da ke karatu, na Yawuri su yi nasu, na Argungu da na Gwandu haka, kowanne da dattijon da ke kula da rajistar sunaye a buɗe, ɗaliban su zaɓi naƙibinsu daga cikinsu. Wanda ya ci na 'ya'yan garinsu, a garinsu zai yi sallar Idi. Kuma kada a tambayi yaro addininsa kafin a zuba masa. Ƙawar jikata da na ba ku labari ba Musulma ba ce, kuma fiƙihun da na karanta bai hana a ciyar da ita ba.

Su kuma malaman jami'a, 'yan'uwana a sana'a, na san aji ɗaya yanzu yakan kai mutum ɗari uku, na san albashi ba ya kai wata. Ba zan ce ku san kowa da muryarsa ba. Amma mutum goma fa? A ce kowane malami yana da wata bishiya ko wata baranda da aka san ana samunsa a wurin ranar kaza bayan la'asar, ba maki, ba rajista, duk mai tambaya ya zo ya zauna. Na tambayi jikata ko akwai malamin da ya san sunanta, ta ce tukuna dai, lambarta suka sani.

Ni ba mai kuɗi ba ne, fanshona ba ya isar cefanen wata. Amma ina da 'yar fadama da na gada, wadda a shekara mai kyau takan ba da buhu goma sha biyu na shanshera. Na tara 'ya'yana ranar Juma'ar da ta wuce na gaya musu cewa kashi ɗaya cikin uku nata zan tsayar. Babban ya yi shiru, ƙaramar ta ce, "Baba, buhu huɗu me zai yi?" Na ce idan an sussuka an gyara zai riƙe ɗakin nan na mutum shida ci ɗaya a yini har su gama zango, da saura. Mun yi da limaminmu za mu je wurin alƙali bayan Sallah a rubuta.

Malam Edita, in da hali ka tura wakilinka ya kwana biyu a masaukin ɗalibai na kowace jami'a ya ga dama, kada ya je ranar biki, ya je ranar ashirin da biyar ga wata, ya buɗe tukwane ya rubuto mana abin da ya gani.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin Larabci,
Gwandu, Jihar Kebbi.